Masu yi wa Superman jana'iza sun cika gaggawa

Tun da aka rufe lissafin kuɗin silima na 2025, aka ga babu fim ɗin Marvel (kamfanin da ke da Spider-Man) ko na DC (mai Superman da Batman) ko ɗaya da ya kai dala biliyan ɗaya, masu sharhin nishaɗi suka sake ɗauko likkafani. Wai zamanin sadaukan nan masu tashi sama da rufe fuska ya wuce, wai duniya ta ƙoshi da su, wai daga yanzu sai dai a ba da labari. Wasunsu ma ba sa iya ɓoye murna. Hujjar da suke kafawa kowa ya san ta: The Marvels na 2023 da ƙyar ya tara dala miliyan 206, The Flash ya faɗi warwas a wannan shekarar, sannan fina-finai uku da Marvel ya saki a 2025 babu wanda ya yi abin a zo a gani. Alƙaluman gaskiya ne, ban musa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne nauyin da ake ɗora musu.

Kuɗin tikiti yana gaya maka yadda kasuwar wani kamfani ta ci a wata shekara. Sanin da duniya ta yi wa Superman ko Batman ko Spider-Man wani abu ne daban, kuma ba a ƙofar silima ake auna shi ba.

Duk wanda ya taɓa kai yaro kasuwa sayen jakar makaranta ko kayan Sallah ya ga abin da nake faɗa. Jaka ce ja da shuɗi, ga fuskar Spider-Man a gaba da manyan fararen idanu, wani lokaci ma bugun ya karkace, sunan an rubuta shi ba daidai ba, don ba Disney, mamallakin Marvel, ne ya buga ba, kuma ko kwabo bai samu a ciki ba. Yaron da ya kafe shi dai sai wannan jakar bai taɓa shiga silima ba, bai taɓa riƙe mujallar zane ba, bai ma san akwai wani gari mai suna New York ba. Amma ya iya lanƙwashe yatsunsa biyu na tsakiya, ya miƙa hannu ya harba wa ƙanensa saƙar gizo-gizo. Wannan yaron ba ya cikin lissafin masu sharhi, alhali irinsa sun fi masu sayen tikiti yawa nesa ba kusa ba.

Kuma haka abin yake tun farko. A 1938 mujallar Action Comics ta fara fitowa a Amurka, ana sayar da ita santi 10. A bangonta akwai wani ƙato da shuɗin kaya da jan mayafi, ya ɗaga koriyar mota sama da kansa yana rotsa ta a jikin dutse, ga wani mutum can a kusurwar ƙasa ya dafe kai da hannu biyu yana gudun ceton rai. Samari biyu 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani, su suka ƙirƙiro shi. Ba a yi shekara ba Superman ya shiga shafukan jaridun kullum. A 1940 ya shiga rediyo, a 1941 ya shiga silima a katun. Koren dutsen nan da ke karya masa lago, kryptonite, a shirin rediyo ya fara bayyana a 1943 kafin ya shiga mujalla. A 1946 shirin rediyon ya haɗa shi faɗa da wata ƙungiyar farar fata mai kama da Ku Klux Klan ta masu ƙin baƙar fata, iyaye da yara na zaune a falo suna saurare. Ke nan tun yana ɗan shekara uku da haihuwa, yawancin waɗanda suka san shi ba ta takarda suka san shi ba. Mujallar ita ce mahaifa, amma ba a can ya yi wayo ba.

Mutuwar farko da aka yi masa shela ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin yaƙin kasuwa ta buɗe sosai. Batman ya fito a 1939, Wonder Woman a 1941, Captain America kuwa a bangon fitowarsa ta farko a 1941 aka zana shi yana kai wa Hitler naushi a muƙamuƙi, watanni kafin Amurka ta shiga yaƙin. Sojoji na karantawa a sansani, yara na karantawa a gida. Da aka gama yaƙi sai masu karatu suka juya ga labaran soyayya da na 'yan fashi da na ban tsoro da na kaboyi. Aka dinga rufe mujallun sadaukai ɗaya bayan ɗaya, har da na Captain America ɗin. A tsawon shekarun 1950, cikin manyan sadaukai, Superman da Batman da Wonder Woman ne kaɗai suka ci gaba da fitowa a mujallunsu ba yankewa. Ga kuma matsin lamba daga waje. A wasu garuruwan Amurka an tara mujallun zane an cinna musu wuta a harabar makarantu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora musu alhakin lalacewar tarbiyyar yara, Majalisar Dattawa ta zauna a kan batun, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Shekaru da yawa bayan haka, da aka binciki takardun likitan, aka gano ya yi wa bayanan yaran da ya kafa hujja da su kwaskwarima. Amma a lokacin maganarsa ta yi tasiri, kamfanoni da dama sun rufe.

To a daidai waɗannan shekarun da ake cewa an gama, Superman yana talbijin, daga 1952 zuwa 1958, yara na ɗaura tawul a wuya suna dirowa daga kan kujera. Kasuwar takarda ta durƙushe, sunan yana ƙara yaɗuwa. Ko shekara goma ba a yi ba, a 1961, Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, a 1962 Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man, sai X-Men da Avengers da Iron Man a 1963. Dabarar da suka zo da ita mai sauƙi ce, kuma har yau ita ke ciyar da kamfanin: suka ba sadaukin matsalar talaka. Peter Parker, wato Spider-Man in ya cire rufin fuska, maraya ne, matar kawunsa ce ke riƙonsa kuma kullum ba ta da lafiya, kuɗin haya na yi masa wuya, mai gidan jaridar da yake sayar wa hotuna ba ya ƙaunarsa. Ɗaliban jami'a suka rungume shi.

Mutuwa ta biyu ta fi ta farko ban dariya, domin kamfanonin ne suka haƙa ramin da hannunsu. A farkon shekarun 1990 aka cusa wa mutane cewa mujallar zane jari ce, ka saya ka adana a leda, gobe ta yi tsada. Fitowar farko ta sabon X-Men a 1991 ta sayar da kwafi kusan miliyan 8, mutum ɗaya ya sayi biyar don bangon kowanne daban. A ƙarshen 1992 DC ya kashe Superman a cikin labari, gidajen talbijin suka ɗauka a matsayin babban labari, mutanen da rabonsu da mujalla tun suna firamare suka yi layi a shaguna. Shekara na zagayowa aka tashe shi. Masu saye suka farga cewa abin da aka buga miliyoyi ba zai taɓa yin tsada ba, kasuwa ta ruguje, shaguna suka rufe, a Disamban 1996 Marvel ya je kotu ya ce ya karye. A waɗannan shekarun ya dinga sayar da haƙƙin yin fim da 'ya'yansa don ya samu na sawa a baki: X-Men suka tafi Fox, Spider-Man ya tafi Sony. A 1997 kuma wani fim ɗin Batman ya fito wanda har jaruminsa ya daɗe yana ba da haƙuri a kansa. Duk wanda ya ce an gama a wannan shekarar yana da hujjar da ta fi ta masu sharhin yau ƙarfi sau goma. Shekara biyar bayan nan, a 2002, Spider-Man ya zama fim na farko da ya haura dala miliyan 100 a kwana ukun farko a Amurka.

Kada a ce na ce ba sa mutuwa. Suna mutuwa, amma a duba abin da ke kashe su. A shekarun 1940 akwai wani sadauki, Captain Marvel na kamfanin Fawcett, yaro ne da ke furta kalma ɗaya ya rikiɗe ya zama ƙato. Akwai lokacin da ya fi Superman kasuwa. Kamfanin da ke da Superman ya maka su a kotu cewa kwaikwayo ne, aka shafe fiye da shekara goma ana shari'a, a 1953 Fawcett ya haƙura ya daina buga shi. Shekara kusan ashirin ba a gan shi ba. Da ya dawo, wani kamfani ya riga ya mallaki sunansa, yau da Shazam ake kiran sa, kuma da ƙyar za ka sami wanda ya san ya taɓa zama na ɗaya. Lauyoyi ne suka binne shi, masu karatu ba su ce sun gaji ba.

Kuskuren masu jana'izar yau shi ne sun ɗauki shekarun 2008 zuwa 2019 a matsayin yadda abin ya saba zama. Ba haka ya saba ba. A cikin shekara 87 daga 1938 zuwa 2025, waɗannan goma sha ɗayan ne kawai aka ga irin wannan ambaliya. Marvel ya ciwo bashin dala miliyan 525, ya jinginar da haƙƙin wasu sadaukansa, ya fara yin fim da kansa da Iron Man, wanda kafin 2008 in ba mai bin mujalla ba ba kowa ya damu da shi ba. A shekarar ne fim ɗin Batman, The Dark Knight, ya fito, Heath Ledger da ya fito a matsayin mugun ya ci kyautar Oscar bayan rasuwarsa. A 2009 Disney ya saye Marvel a kan dala biliyan 4. Daga nan aka yi ta hawa, har Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8. Manomin da Allah ya ba shi damina irin wadda ba a taɓa gani ba, in baɗi ya samu amfani daidai da na sauran shekaru, ba zai ce gona ta mutu ba sai dai in yana neman dalilin sayar da ita.

Dalilan saukar ma a fili suke, kuma babu wanda ya shafi ko mutane sun manta da Batman. Disney ya buɗe manhajar kallonsa a ƙarshen 2019, yana buƙatar abin cika ta, sai ya matse Marvel. A 2021 kaɗai aka saki fina-finai huɗu da shirye-shirye masu dogon zango biyar, kowanne an ɗaure shi da wani, ta yadda in ba ka kalli wancan ba ba za ka gane wannan ba. Mutum ya biya kuɗinsa don ya huta, sai ya tarar an ba shi aikin gida. Shi kansa shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a 2023 cewa yawan ya rage ingancin. Ga China, inda Endgame ya kwashi fiye da dala miliyan 600, ta rufe wa fina-finan Marvel ƙofa na fiye da shekara uku, da ta buɗe kuma 'yan ƙasar sun riga sun koma wa nasu. Ga annobar korona da ta koya wa iyalai jiran fim ya iso waya. Sannan ga almubazzaranci: in ka kashe sama da dala miliyan 200 wajen yin fim, ban da kuɗin talla, kuma masu gidajen silima za su ɗauki kusan rabin abin da aka samu, to dala miliyan 400 asara ce. Wannan matsalar akanta ce. A tsakiyar wannan "gajiya" da ake ta faɗa, Spider-Man na ƙarshen 2021 ya tara dala biliyan 1.9, Deadpool & Wolverine na 2024 ya tara biliyan 1.3. A 2025 kuwa katun ɗin Japan, Demon Slayer, wanda shi ma daga littafin zane ya fito, shi ma labarin yaro ne mai ƙarfin da ya wuce na mutane, ya wuce kowane fim ɗin Marvel da DC na shekarar. Matasa ba su gaji da sadaukai ba. Sun gaji da a raina musu hankali.

Akwai masu cewa ai dama waɗannan ba fina-finai ba ne, wurin wasan yara ne, kamar yadda shahararren daraktan fim Martin Scorsese ya faɗa a 2019. Dattijo ne da ya san aikinsa, amma ɗanɗanonsa ya faɗa, kuma ɗanɗano ba ya rage wa Spider-Man ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka san shi. Akwai kuma 'yan ihun intanet da ke cewa mata da baƙaƙen fata da aka cika a fina-finan ne suka kashe kasuwa. Waɗannan amsarsu gajeriya ce: Black Panther na 2018 ya tara dala biliyan 1.3, shi ne fim ɗin sadaukai na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, ya kuma ci kyautuka uku. (Ba wai fim ɗin ba shi da abin faɗa ba. Kusa da farkonsa an rubuta "Dajin Sambisa, Najeriya" a allo, sarkin Wakanda ya diro daga jirgi ya tarwatsa ayarin 'yan bindiga ya kuɓutar da matan da aka sace cikin 'yan mintoci. Mu da muka san shekarun da dajin nan ya ci da rayukan da ya lanƙwame, kallon wurin yana da ɗaci. Amma shi ma shaida ne na inda abin ya kai: bala'inmu ya zama kayan ado a labarinsu, mu kuma muka biya muka kalla.) Su kuwa masu cewa duk farfagandar Amurka ce, ba su faɗi sabon abu ba, Captain America da ya sa tutar ƙasarsa a ƙirji ai bai ɓoye ba.

Abin da ya kamata masu sharhi su ɓata tawada a kansa, in har shahara ce ta dame su, shi ne wa ya ci moriyarta. Siegel da Shuster sun sayar da Superman kacokan a kan dala 130. Cakin da aka ba su yana nan, an ma yi kuskure wajen rubuta sunayensu a jiki, kuma a 2012 aka yi gwanjonsa a kan dala 160,000. Wato takardar da aka biya su da ita ta fi abin da aka biya su daraja fiye da sau dubu. Da suka kai ƙara a shekarun 1940 aka sallame su, aka cire sunayensu daga mujallar. Zuwa 1975, lokacin da ake shirin yin babban fim ɗin Superman da ya fito a 1978, Siegel yana aikin ƙaramin akawu, Shuster idonsa ya kusa mutuwa, yana fama da talauci. Sai da abokan sana'arsu suka tayar da ƙura a jaridu, kamfani ya ji kunya, ya yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, ya mayar da sunayensu. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na waccan mujallar ta santi 10 a kan dala miliyan 6.

Bill Finger, wanda ya tsara yawancin abin da muka sani game da Batman, daga kamannin shigarsa har labarin kisan iyayensa, ya rasu a 1974 ba shi da komai, kuma sai a 2015 aka fara sa sunansa kusa da na Bob Kane, wanda a da shi kaɗai ake cewa ya ƙirƙiri Batman. Jack Kirby ya rasu a 1994, iyalansa suka yi ta shari'a da Marvel har 2014 kafin a sasanta. Duniya ta san fuskar Stan Lee saboda kafin rasuwarsa a 2018 yakan leƙo a kusan kowane fim ɗin Marvel, to amma mutum nawa ne cikin masu sanye da rigar Spider-Man suka taɓa jin sunan Ditko? Wannan ita ce ɓarakar da ke cikin shaharar: an san abin da aka zana a kowane lungu na duniya, wanda ya zana kuwa sai ɗan bincike. Kuma tsarin bai canza ba, marubuta da masu zanen da ake kwashe labaransu a yi fim ɗin biliyan har yanzu 'yan kwangila ne, abin da suka ƙirƙira na kamfani ne. A nan babu mai rubuta dogon sharhi, don babu jadawalin tikiti da za a liƙa.

Su ma kamfanonin ba su fahimci ciwon nasu ba. Maganin da Marvel ya samo shi ne ya dawo da Robert Downey Jr., jarumin da ya fito a matsayin Iron Man, wanda aka kashe a cikin labarin fim a 2019 aka yi masa kuka, a sa masa wani ƙarfen a fuska a ce yanzu shi ne mugun. Wannan ai dabarar 1992 ce aka sake wa riga: a kashe, a tayar, a karɓi kuɗi sau biyu. Mai yiwuwa ta yi aiki sau ɗaya. Amma kamfanin da ya taɓa ɗaukar bishiya mai magana da wata 'yar dabba mai bindiga a fim ɗin Guardians of the Galaxy na 2014 ya mai da su abin so a duniya, yau ya koma tsoron duk fuskar da ba a sani ba, kuma wannan ya fi kowane alƙalami nuna inda matsalar take.

Gyaran ba boyayye ba ne. A rage yawa, a bar kowane labari ya tsaya da ƙafarsa, a daina kashe kuɗin gina asibiti a kan fim ɗaya, a ba masu ƙirƙira kaso na gaskiya don su daina ɓoye sababbin dabarunsu. Ko kamfanonin sun yi ko ba su yi ba, akwai abin da ke tafe da ba su da iko a kansa. A dokar Amurka, haƙƙin mallakar irin waɗannan ayyuka yana ƙarewa bayan shekara 95. A farkon 2034 Superman na 1938 zai fita daga hannun DC, Batman ya biyo a 2035, Wonder Woman a 2037. Daga nan mai zane daga Legas ko Mumbai ko Sao Paulo yana iya ɗaukar su ya yi nasa labarin ya fitar a Amurka ba tare da neman izini ba. Sai dai wanda zai fita ɗin shi ne na fitowar farko, wanda ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi, bai san kryptonite ba. Duk abin da aka ƙara masa daga baya, da tambarin da ke ƙirjinsa na yanzu, suna nan a hannun kamfani, kuma lauyoyin da suka ga bayan Captain Marvel sun bar magada.